A Sake Kallon Tsoffin Finafinan Superman da Batman Kafin a Yanke Musu Hukunci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani fanni na finafinai da ba a cika waiwayarsa ba, wato tsoffin finafinan Amurka da aka ɗauko daga littattafan labarai masu zane, irin su Superman da Batman da Spider-Man. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda na lura matasa masu kallo suna yanke wa waɗannan finafinai hukunci cikin gaggawa. Da zarar sun gane cewa igiya ce ke ɗauke da jarumi a sama, ko suka fahimci ginin da ake rushewa ɗan ƙaramin kwaikwayo ne aka ƙera, sai su ce fim ɗin ya tsufa, su kashe shi. A ɗaya gefen kuma akwai manya da ke rantsuwa cewa tun da kwamfuta ta shigo harkar fim ba a sake yin abin kirki ba. Ni dai ban gamsu da ko ɗaya daga cikin ɓangarorin biyu ba. Na sake kallon waɗannan finafinai bi da bi, ina ajiye kowanne kusa da ɗan'uwansa da kuma littafin da ya haife shi, kuma abin da na fahimta shi ne, fim ɗin da ya ba da lokaci ga mutumin da ke cikin rigar jarumta shi ne yake da rai har yau, wanda kuwa ya jingina da siddabarun hoto kaɗai ya tsufa tare da siddabarun zamaninsa.

Harkar ta daɗe fiye da yadda mutane da yawa suke zato. Superman ya fara fitowa ne a mujallar Action Comics a shekarar 1938, Batman ya biyo baya a Detective Comics a 1939, kuma ba a jima ba kamfanonin fim suka ɗauke su. A wancan lokaci ana yin su ne kashi-kashi, ana nuna kashi ɗaya kowane mako a sinima kafin a sa babban fim, a kuma yanke labarin daidai inda jarumi ya shiga haɗari domin yara su dawo mako mai zuwa. Da haka aka yi Adventures of Captain Marvel a 1941, da Batman a 1943, da Superman a 1948, inda idan jarumin zai tashi sama sai ɗan wasan ya ɓace, zanen katun ya maye gurbinsa. Ba zan yi wa kowa ƙarya cewa waɗannan suna da daɗin kallo a yau ba. Na Batman na 1943 ma yana da abin ƙi, domin an yi shi ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, mugun cikinsa ɗan leƙen asirin Japan ne, kuma an cika shi da kalaman cin mutuncin Japanawa, a daidai lokacin da gwamnatin Amurka ke tsare da dubban 'yan ƙasarta masu asali daga Japan a sansanoni. Amfanin kallonsa shi ne ya nuna cewa tun farko waɗannan jarumai suna ɗaukar launin zamanin da aka yi su.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne Superman na 1978, wanda Richard Donner ya ba da umarni. An kashe masa kimanin dala miliyan 55, kuɗi mai yawan gaske a lokacin, an biya Marlon Brando dala miliyan 3.7 da kaso daga ribar fim ɗin saboda 'yan mintunan da ya fito a matsayin mahaifin jarumin, kuma tallar fim ɗin gaba ɗaya an gina ta ne a kan alkawarin cewa mai kallo zai yarda mutum na iya tashi sama. Fim ɗin ya samu lambar yabo ta musamman ta Oscar saboda dabarun hotonsa. A yau waɗannan dabaru su ne suka fi nuna shekarunsu. Ana gane inda aka haska hoton birni a bayan ɗan wasa, ana kuma gane ƙananan gidajen da ruwa ke shirin cinyewa bayan fashewar madatsa. Duk da haka fim ɗin yana riƙe mutum daga farko har ƙarshe, kuma dalilin hakan yana cikin wata 'yar gajeriyar fitowa da ba a kashe mata komai ba.

Clark Kent, wato Superman a shigarsa ta ɗan jarida mai tabarau, ya zo gidan abokiyar aikinsa Lois Lane domin su fita, jim kaɗan bayan Superman ya sauke ta daga yawon da suka yi a sama. Hankalinta duk yana wajen Superman, ta shiga ciki ta shirya, ta bar Clark shi kaɗai a falo. Sai Christopher Reeve, ɗan wasan da ya fito a matsayin jarumin, ya cire tabarau, ya miƙe ƙafadun da ya saba ranƙwafar da su, ya ɗaga haɓa, tsayinsa ya ƙaru a gaban idon mai kallo, muryarsa ta yi kauri, ya fara cewa yana da abin da zai faɗa mata. Kafin ya ƙarasa sai zuciyarsa ta karaya, ya mayar da tabarau, ƙafadu suka sake zubewa, muryar ta koma siririya mai in'ina. Babu igiya a wurin, babu sauyin kaya, kyamara tana tsaye tana kallonsa kawai. Shekara arba'in masu karanta littattafan suna tambayar yadda tabarau kaɗai zai ɓoye mutum daga abokan aikinsa, sai ga ɗan wasa ya amsa tambayar da jikinsa cikin ƙasa da minti ɗaya. Wannan fitowa ba za ta tsufa ba, domin babu na'urar da za a ƙirƙiro nan gaba da za ta yi ta fiye da haka.

Donner ya kuma yi haƙurin da finafinan yanzu ba su cika yi ba. Sai da ya kwashe kusan sa'a guda yana nuna rushewar duniyar Krypton, inda aka haifi jarumin, da ƙuruciyar Clark a gonar iyayen da suka tsince shi, kafin jarumin ya fara ceton kowa a birni. A cikin wannan sashe ne mahaifin riƙonsa, Jonathan Kent, wanda Glenn Ford ya fito a matsayinsa, ya yi masa nasiha a kan hanyar gona cewa lallai akwai dalilin zuwansa duniya, kuma dalilin ya wuce burge 'yan makaranta a filin wasa. Yaron ya ruga gaba da gudu, dattijon ya dafe hannunsa, ya faɗi, ciwon zuciya ya ɗauke shi. A bakin kabari Clark ya koka cewa duk ƙarfin da yake da shi bai iya ceton mahaifinsa ba.

Idan aka ajiye wannan kusa da Man of Steel na 2013, wanda Zack Snyder ya ba da umarni, bambancin ya fito fili. A can ma Jonathan Kent ya mutu, amma guguwa ce ta tafi da shi, Clark yana tsaye yana kallo, bayan dattijon ya ɗaga masa hannu alamar kada ya zo ya tona asirin ƙarfinsa a gaban jama'a. Guguwar da kwamfuta ta zana ta fi duk wani abu da ke cikin fim ɗin 1978 kama da gaskiya, amma mutuwar farko ce ta fi taɓa zuciya, a ganina. A ta farko jarumi ya ci karo da abin da ƙarfi ba ya maganinsa, wato ajali, kuma wannan darasi ne da ya bi shi har ƙarshen labarin. A ta biyu kuwa ya ga abin da zai iya hanawa cikin ƙiftawar ido, ya tsaya, kuma mai kallo yana fita da tambaya a ransa maimakon tausayi. Haka nan mutane da yawa sun yi fushi da yadda Superman ya karya wuyan Janar Zod, mugun fim ɗin, a ƙarshen Man of Steel, suna cewa an saɓa wa littafi. Gaskiya ita ce a wani littafi na 1988 da John Byrne ya rubuta, Superman ya taɓa kashe wani Zod da abokan ta'asarsa biyu. Ke nan matsalar ba ta saɓa wa shafi ba ce. Matsalar ita ce fim ɗin ya rushe rabin birni kafin a kai wurin, bai kuma tsaya ya nuna nauyin rayukan da suka salwanta a zuciyar jarumin ba, don haka kukan da ya yi bayan kisan bai samu inda zai zauna ba.

Ban ce fim ɗin 1978 ba shi da aibi ba. Yadda Superman ya kewaya duniya da gudu ya mayar da lokaci baya domin ya dawo da Lois bayan ta mutu ya raunana darasin da mutuwar mahaifinsa ta koyar, kuma barkwancin mugun fim ɗin, Lex Luthor, da yaransa ya yi yawa idan aka kwatanta da natsuwar sashen farko. Abin da ya biyo baya kuwa koma-baya ne mataki-mataki. Masu shirya fim ɗin, Alexander da Ilya Salkind, sun sallami Donner bayan ya riga ya ɗauki kaso mai yawa na Superman II, suka miƙa aikin ga Richard Lester, wanda ya fi karkata ga raha. Sai a 2006 aka harhaɗa abin da Donner ya ɗauka aka fitar da shi, don haka a yau mai kallo na iya ganin labari guda a hannun daraktoci biyu, abin da ba kasafai ake samu ba. Na huɗu kuwa, wanda kamfanin Cannon ya yi a 1987, an zaftare kuɗinsa zuwa kimanin dala miliyan 17, aka ɗauki garin Milton Keynes na Ingila a matsayin harabar Majalisar Ɗinkin Duniya, aka riƙa maimaita hoto ɗaya na tashin jarumin. Reeve yana cikin waɗanda suka tsara labarin, kuma manufarsa ta yin magana a kan makaman nukiliya mai kyau ce, amma kyakkyawar niyya ba ta ceci fim ɗin ba.

Batman shi ne ya fi nuna cewa maganar biyayya ga littafi tana da wuyar sha'ani, domin tambaya ta farko ita ce: wane littafin? Batman na 1939 yana riƙe bindiga, yana kuma kisa. Bayan ce-ce-ku-cen da aka yi a Amurka a 1954, lokacin da likitan ƙwaƙwalwa Fredric Wertham ya zargi waɗannan littattafai da lalata tarbiyyar yara har Majalisar Dattawa ta yi zama a kai, kamfanonin suka kafa wa kansu dokar tacewa, labaran Batman suka koma na raha da halittun wasu duniyoyi. Saboda haka shirin talabijin na Adam West da aka fara a 1966, da fim ɗinsa na wannan shekara, ba cin amanar littafi suka yi ba kamar yadda ake yawan faɗa. Sun ɗauki Batman ɗin da ke kasuwa a lokacin ne, suka ƙara masa gishiri da gangan. Akwai inda jarumin ke gudu a bakin teku ɗauke da bam mai hayaƙi a saman kansa, yana neman inda zai jefa shi, duk inda ya juya sai ya ci karo da mata masu hidimar coci, ko mace da jariri a keke, ko makaɗa, ko 'yan agwagi a ruwa. Abin dariya ne, amma a ƙarƙashin dariyar akwai halin jarumin na gaskiya, mutumin da ya gwammace bam ya tashi a hannunsa da ya cutar da rai ko da na agwagwa ne.

Batman na 1989 na Tim Burton ya zo ne bayan littattafan sun sake komawa duhu, musamman da The Dark Knight Returns na Frank Miller a 1986. Da aka sanar cewa Michael Keaton, wanda aka sani da finafinan barkwanci, shi ne zai sa rigar, masu karatu suka aika wa kamfanin Warner dubban wasiƙun ƙorafi. Keaton ba dogo ba ne, ba shi da ƙirar ƙarfi, kuma rigar robar da aka sa masa ba ta barinsa ya juya wuya, dole sai ya juya jikinsa gaba ɗaya. Amma shi ne ya fara nuna Bruce Wayne, wanda ke cikin rigar Batman, a matsayin mutumin da rashin iyaye ya bar wa tabo. Ana ganinsa a liyafar gidansa yana yawo kamar baƙo, ana ganinsa da 'yar jarida Vicki Vale a kan doguwar teburin cin abinci suna ɗaga murya kafin su ji juna, har suka haƙura suka koma kicin wajen dattijo Alfred, mai yi masa hidima, ana kuma ganinsa ya je shi kaɗai ya ajiye furanni biyu a lungun da aka kashe iyayensa. Birnin Gotham da Anton Furst ya tsara, wanda ya ba shi lambar Oscar, har yau yana da kwarjini, domin an gina titunansa da gaske a harabar Pinewood a Ingila. Inda fim ɗin ya gaza shi ne ya sakar wa Jack Nicholson, wanda ya fito a matsayin mugu Joker, fili fiye da kima, har labarin ya kusa zama na Joker, sannan ya mayar da Joker wanda ya kashe iyayen Bruce. A littafi wani ƙaramin ɗan fashi ne mai suna Joe Chill ya yi kisan, kuma hakan yana da ma'ana, domin yaƙin Batman da aikata laifi ne baki ɗaya. Da aka ɗora laifin a kan mutum guda, sai yaƙin ya ƙanƙance ya zama ramuwar gayya, wadda ke ƙarewa da mutuwar wanda ake nema.

Bayan Batman Returns na 1992, wanda iyaye suka koka cewa ya yi wa yara muni, kamfanin ya miƙa ragamar ga Joel Schumacher domin a samu abin da zai sayar da kayan wasan yara. Sakamakon shi ne Batman & Robin na 1997, wanda ya sa aka jingine jarumin har tsawon shekara takwas, kuma daraktan da kansa ya nemi afuwar masu kallo daga baya. Masu cewa komai na da ya fi na yanzu ya kamata su zauna su kalli wannan fim. An ce da tsohuwar zuma ake magani, amma ba kowane abin da ya daɗe ne zuma ba. Sau da yawa ana kwatanta shi da na Adam West saboda dukansu na raha ne, sai dai kwatancen bai yi wa na 1966 adalci ba, domin wancan ya san abin da yake yi, wannan kuwa hayaniya ce da fitilu. Abin lura shi ne, ko a cikin wannan fim ɗin, wuraren da suka rage da ɗan rai su ne inda George Clooney, wanda ya fito a matsayin Batman, ke zaune a bakin gadon Alfred da ke jinya, wanda Michael Gough ya fito a matsayinsa a finafinai huɗu a jere. Wanda ke neman Batman mafi kyau na waɗannan shekaru zai same shi ne a fim ɗin katun na 1993, Mask of the Phantasm, inda saurayi Bruce ya durƙusa a kabarin iyayensa cikin ruwan sama yana roƙon su yafe masa alkawarin da ya ɗauka, saboda ya samu wadda yake so kuma bai taɓa zaton zai yi farin ciki ba.

Kamfanin Marvel, wanda a yau ya mamaye sinima, a wancan zamani yana cikin wahala. Captain America na 1990 bai samu shiga gidajen sinimar Amurka ba, Fantastic Four da Roger Corman ya shirya da kuɗi kaɗan ba a taɓa fitar da shi a hukumance ba, kamfanin kansa kuma ya bayyana karyewarsa a kotu a ƙarshen 1996. Blade na 1998, da Wesley Snipes, shi ne ya fara nuna cewa jarumin Marvel na iya cika sinima, kuma baƙar fata ne ya buɗe wannan ƙofa, abin da ake yawan mantawa. X-Men na 2000 ya jefar da kayan rawaya da shuɗi na littafi ya sa wa jarumansa baƙar fata ta dabba, ya kuma ba Hugh Jackman, wanda dogo ne, matsayin Wolverine da aka sani gajere. Amma ya fara ne da sansanin 'yan Nazi a Poland a 1944, inda aka raba yaro da iyayensa a bakin ƙofar ƙarfe, sannan ya wuce zauren Majalisar Dattawa inda ake muhawara a kan yi wa masu baiwa ta daban rajista. Da wannan ya kama ainihin abin da labaran X-Men suka daɗe suna faɗa, wato tsoron da jama'a ke yi wa wanda ya bambanta da su. Lokacin da yarinya Rogue ta tambayi Wolverine ko yana jin zafi idan faratan ƙarfen suka huda fatarsa, ya ce kowane lokaci, a nan ne ya zama mutum a idon mai kallo.

Hulk na Ang Lee na 2003 ya bi wata hanya dabam. Shi ya yi ƙoƙarin kwaikwayon shafin littafi ne ido da ido, yana rarraba allo gida-gida kamar yadda ake jera zane a takarda. Gwaji ne na mai basira, kuma ina ganin an yi masa rashin adalci lokacin da ya fito, amma dabarar tana yawan tunatar da mutum cewa kallo yake yi, ta hana shi nutsewa cikin labarin. Shirin talabijin na Hulk da aka fara a 1977 ba shi da komai sai Lou Ferrigno da aka shafe da koren fenti, ya ma sauya sunan jarumin daga Bruce zuwa David. Amma Bill Bixby ya nuna mutumin da ke tsoron fushinsa, wanda ba ya iya zama a gari guda, kuma waɗanda suka kalli shirin ba sa manta yadda yake ƙarewa da shi yana tafiya a gefen hanya da jaka a kafaɗa.

A duk finafinan da suka zo kafin 2008, shekarar da Iron Man da The Dark Knight suka sauya harkar, wanda na fi fifitawa tare da Superman na 1978 shi ne Spider-Man 2 na Sam Raimi, na 2004. Na farkonsa, na 2002, shi ne fim na farko da ya tara fiye da dala miliyan 100 a ƙarshen makon fitowarsa a Amurka, kuma an yi ta gardama saboda ya sa yanar gizo-gizo tana fita daga jikin Peter Parker, wato Spider-Man, alhali a littafi na'ura ce ya ƙera da kansa. Yanzu wannan gardama ta zama tarihi. Abin da ya wanzu shi ne yadda na biyun ya ɗauki wani labari na 1967, inda Peter ya jefa rigarsa a kwandon shara, ya gina fim gaba ɗaya a kansa. An kore shi daga aikin kai abinci saboda latti, mai gidan haya yana binsa bashi, karatunsa na jami'a yana lalacewa, banki na shirin ƙwace gidan gwaggonsa May, ita kuma duk da haka ta cusa masa dala 20 a hannu ranar zagayowar haihuwarsa, tana hawaye tana cewa kada ya kuskura ya mayar mata. Daga baya ya zaunar da ita ya faɗa mata gaskiya, cewa shi ne ya bar ɓarawon da ya kashe mijinta ya wuce. Rosemary Harris, wadda ta fito a matsayin May, ba ta ce uffan ba. Ta zare hannunta daga nasa, ta tashi, ta hau bene. Faɗan da aka yi a kan jirgin ƙasa ya taimaka wa fim ɗin ya samu Oscar na dabarun hoto, kuma a yau ana iya gane inda kwamfuta ta maye gurbin ɗan wasa. Sai dai abin da ke biyo bayan faɗan bai tsufa ba: jarumin ya suma bayan ya tsayar da jirgin, fuskarsa a buɗe, fasinjoji suka tallabe shi suna miƙa wa juna har suka shimfiɗe shi a ƙasa, wani magidanci ya dube shi ya ce yaro ne, bai girmi ɗansa ba, sannan yara biyu suka miƙo masa abin rufe fuskarsa da alkawarin ba za su faɗa wa kowa ba.

Ba na musun cewa finafinan yanzu sun ci gaba ta fuskoki da dama, kuma akwai nagartattu a cikinsu. Abin da suka rasa sau da yawa shi ne 'yancin tsayawa da ƙafarsu. Tsohon fim yana da farko da ƙarshe, daraktansa kuma yana barin tambarinsa a kai, ta yadda ba za a taɓa ɗaukar Gotham na Burton a matsayin na wani ba, haka ma New York na Raimi. Na yanzu kuwa kowanne an ɗaure shi da na gabansa da na bayansa, dole ya ware lokaci yana share wa wani fim hanya, kuma lokacin da ake cirewa domin hakan shi ne wanda a da ake ba wa Clark a gona ko Peter a ɗakin haya.

Akwai roƙo guda da nake da shi gare ka, Malam Edita. Idan marubutan shafinku na nishaɗi suka tashi yin sharhin waɗannan finafinai, tsoho ne ko sabo, su riƙa ambaton waɗanda suka ƙirƙiro jaruman tun a takarda. Jerry Siegel da Joe Shuster sun sayar da Superman a kan dala 130 a 1938, suka tsufa cikin ƙunci, Shuster har idonsa ya kusa mutuwa. Sai a 1975, ana shirin yin babban fim ɗin, bayan Siegel ya kai kukansa ga 'yan jarida kuma masu zane irin su Neal Adams da Jerry Robinson suka tsaya musu, kamfanin Warner ya amince ya riƙa ba kowannensu dala 20,000 a shekara, ya kuma mayar da sunayensu a kan aikinsu. Bill Finger, wanda ya ba da gudummawa mai yawa wajen tsara kamannin Batman da labarin asalinsa, ya rasu a 1974 ba tare da sunansa ya hau ko ɗaya daga cikin finafinan ba, kuma sai a 2015 aka amince a riƙa rubuta shi kusa da na Bob Kane. Jama'a sun san marubuci Stan Lee saboda yadda ya riƙa leƙowa a finafinan Marvel, amma kaɗan ne suka san Jack Kirby, wanda ya zana X-Men da Hulk da Fantastic Four, ko Steve Ditko, wanda ya zana Spider-Man a 1962 ya kuma ba shi wannan siffa ta siririn yaro mai ɗauke da damuwa. 'Yan jarida ne suka taimaka wa Siegel da Shuster a 1975, kuma layi ɗaya ne kawai ambaton sunayen waɗannan mutane zai ci a shafinku.

Na gode da filin da aka ba ni. Wassalam.

Naku,
Wani mai bibiyar jaridarku